Kansar Hanta: Me Ke Kashe Majinyaci, Me Ke Ƙara Masa Tsawon Kwana?

A shekarar 2022, bisa ƙiyasin Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa, an sami sababbin masu kansar hanta kimanin 866,000 a faɗin duniya, kuma a shekarar cutar ta yi ajalin mutum kimanin 758,000. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ba ta da yawa. Kansar mama ta kama mata wajen miliyan 2.3 a wannan shekarar, ta kashe kimanin 670,000. Wato ta ninka kansar hanta fiye da sau biyu wajen yawan kamu, amma ba ta kai ta kisa ba. A jerin cututtukan daji, kansar hanta ce ta shida wajen yawa, wajen kisa kuwa ita ce ta uku, bayan ta huhu da ta babban hanji.

Idan aka tambayi dalilin wannan yawan kisa, amsar da aka saba bayarwa ita ce ba a gano cutar da wuri. Haka ne, amma rabin zancen ke nan. Ɗaya rabin shi ne mafi yawan masu kansar hanta cuta biyu suke ɗauke da su a gaɓa ɗaya: ga ƙarin da ya tsiro, ga kuma hantar da ta daɗe da lalacewa tun kafin ƙarin ya zo. Kowace daga cikin biyun tana iya kisa ita kaɗai, kuma maganin ɗaya yakan tsananta ɗaya. Duk wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane dalilin da ya sa mutum biyu masu ƙari iri ɗaya, girma ɗaya, wani ya shekara goma wani ya kasa kai wata shida ba.

Kafin a yi nisa, a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai kansar da ta faro daga wata gaɓa, kamar hanji ko mama ko huhu, ta yaɗu zuwa hanta. Wannan tana nan da sunan inda ta fito, da maganin can ake tunkararta. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce wadda ta tsiro a cikin hantar kanta. Kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na irinta daga ƙwayoyin halittar hanta suke tasowa, ita ce likitoci ke taƙaita sunanta da HCC. Saura mafi yawa daga hanyoyin ruwan matsarmama suke fitowa, kuma halinsu daban ne. Maza sun fi mata kamuwa da ninki biyu zuwa uku.

Hantar da ƙarin ya tarar

Hanta ce mafi girma a kayan ciki, nauyinta a jikin babba ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ita ke tace jinin da ya taso daga hanji, ta kawar da guba, ta sarrafa magunguna, ta adana suga ta sake shi idan jiki ya buƙata. Ita ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, ita ke samar da albumin, furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi kada ya tsiyaye. Idan ƙoda ta gaza akwai injin wankin ƙoda da zai iya riƙe mutum shekaru. Hanta ba ta da injin da zai tsaya mata na dogon lokaci.

Sannan gaɓa ce mai haƙuri fiye da kima. Namanta ba ya jin zafi, sai ƙari ya girma har ya miƙe tantanin da ya lulluɓe ta kafin mutum ya fara jin ciwo a ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Tana kuma iya ci gaba da aiki ko da babban ɓangarenta ya lalace. Wannan haƙurin ne ke ɓoye cutar. Ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, jiki ya zube, galibi an daɗe da wuce matakin farko.

Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu HCC suna da ƙeƙashewar hanta, wato sirosis. Shekaru ashirin ko talatin hantar na kumburi tana warkewa, tana kumburi tana warkewa, kowane zagaye na barin tabo, har tabon ya mamaye ta, ta yi tauri, ta yi ƙuraje. Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne: ciwon hanta nau'in B, nau'in C, barasa, da taruwar kitse a hanta mai tafiya tare da ƙiba da ciwon suga. Na ƙarshen nan shi ke ƙaruwa da sauri a yanzu. Akwai kuma aflatoksin, gubar da funfuna ke zubawa a hatsi da gyaɗar da aka adana da danshi, wadda ke lalata wani ƙwayar gado mai suna TP53 da ke tsare jiki daga tsirowar ƙari. Idan ta haɗu da nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin ninkuwa yake yi, ba ɗan ƙaruwa kawai ba.

Nau'in B yana da nasa hali na daban. Ƙwayar cutar kan cusa kanta cikin ƙwayoyin gadon hanta, don haka tana iya haifar da kansa ko hantar ba ta ƙeƙashe ba. Binciken da Palmer Beasley da abokan aikinsa suka wallafa a 1981, bayan sun bibiyi maza 22,707 a Taiwan, shi ya fara nuna girman abin: haɗarin kamuwa ga masu ɗauke da ƙwayar ya ninka na sauran fiye da sau 200 a rahoton farko, daga baya da aka ƙara shekarun bibiya ya daidaita wajen sau 100. Kuma jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, sau tara cikin goma cutar za ta zauna masa har girma, alhali babban da ya kamu da ƙyar ake samun 5 cikin 100 da take zaunawa. Shi ya sa a inda ake kamuwa tun yarinta ake ganin kansar hanta ga masu shekara talatin da arba'in, a wasu ƙasashen kuwa ciwon 'yan sittin da saba'in ne.

Yadda mutuwar ke zuwa

A yawancin cututtukan daji, abin da ke kisa shi ne yaɗuwa zuwa wasu gaɓoɓi. Kansar hanta ma takan yaɗu, huhu ta fi zuwa, sai kaluluwa da ƙashi. Amma da yawa daga cikin majinyatan suna rasuwa ne ƙarin bai bar cikin hantar ba.

Hanya mafi yawa ita ce gazawar hanta. Ƙarin na girma yana cinye ɗan lafiyayyen naman da ya rage, har abin da ya saura ya kasa ɗaukar nauyin jiki. Shawara ta bayyana, fitsari ya yi duhu, fata ta riƙa ƙaiƙayi, jini ya daina daskarewa yadda ya kamata. Sai gubar da hanta ta saba kwashewa, musamman amoniya daga hanji, ta fara isa ƙwaƙwalwa. Da farko barci ne ke juyewa, mutum ya kwana ido biyu ya wuni yana gyangyaɗi. Daga nan sai mantuwa, sai ruɗewa, sai ya kasa gane na kusa da shi, hannuwa na kaɗawa idan ya miƙe su, a ƙarshe doguwar suma. 'Yan uwa kan ɗauka taɓin hankali ne ko alamar ƙarshe ta zo. Ba kullum ba ne. Sau da yawa akwai abin da ya tayar da ruɗewar, kamar zubar jini a ciki, ko ƙwayar cuta, ko taurin bahaya, ko maganin barci, kuma idan aka kawar da shi aka ba da laktulos, maganin da ke sa a yi bahaya don gubar ta fita, mutum yakan dawo hayyacinsa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Hanya ta biyu ta fi tayar da hankali saboda saurinta. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta ta wata babbar jijiya yake bi, jijiyar fotal, mai kwaso jini daga hanji da saifa. Idan hanta ta yi tauri, jinin ba ya samun wucewa cikin sauƙi, sai ya taru a baya ya nemi wasu ƙananan hanyoyi. Mafi haɗarinsu su ne jijiyoyin da ke ƙasan bututun abinci da saman tumbi. Sukan kumbura, bangonsu ya yi siriri, wata rana ɗaya ta fashe. Majinyaci ya yi aman jini, ko ya yi bahaya baƙi ƙirin mai yauƙi, kuma ga shi jininsa ba ya daskarewa da wuri. Ko a asibitocin da ke da kayan aiki, kimanin 15 zuwa 20 cikin 100 na waɗanda wannan ya same su ba sa wuce makonni shida.

HCC tana da wata mummunar ɗabi'a da ke ƙara dagula wannan: tana son kutsawa cikin jijiyar fotal ta toshe ta daga ciki. Idan haka ta faru, matsin jinin ya ƙara hawa, ruwa ya taru a ciki da sauri, jijiyoyin can su ƙara kumbura, hantar ta rasa jinin da take rayuwa da shi, ƙwayoyin kansar kuma su sami hanyar bazuwa cikin sauran hantar. Ba tare da magani ba, irin wannan majinyacin galibi wata biyu zuwa huɗu ake lissafa masa. A hoton majinyaci, babu abin da likitan hanta ya fi saurin dubawa bayan girman ƙarin kamar wannan jijiyar.

Ruwan da ke taruwa a ciki ma ba nauyi da ƙuncin numfashi kaɗai yake kawowa ba. Ƙwayoyin cuta daga hanji kan tsallaka cikinsa su hayayyafa, wani lokaci ba tare da zazzaɓi mai ƙarfi ko ciwon ciki ba, sai dai a ga mutum ya ƙara ruɗewa. Garkuwar jikin mai sirosis ta riga ta yi rauni, don haka cutar kan bazu cikin jini. Daga nan ƙoda ke biyo baya. Abin mamakin shi ne ƙodar lafiyarta lau, jini ne ba ya isa gare ta, saboda jijiyoyin kayan ciki sun buɗe sun janye shi, nata kuma sun tsuke. Fitsari ya ragu, guba ta ƙaru. A nan ne magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake sha ba tare da wani tunani ba, suke iya zama sanadin ajali: suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna kuma buɗe ƙofar zubar jini.

Wani lokaci ƙarin da ke kusa da bangon hanta yakan fashe da kansa, jini ya malala cikin ciki. Ciwo ne na farat ɗaya, mai tsanani, tare da faɗuwar hawan jini, kuma ga wasu ranar ce ma ake fara sanin suna da cutar. An fi ganinsa a Asiya da Afirka fiye da Turai. Sai kuma ramewa, wadda ba ta da kwarmato amma tana cikin kowace hanya da aka ambata. Kansa da sirosis duka suna cinye tsoka, kuma an tabbatar majinyacin da tsokarsa ta zube ya fi saurin rasuwa, ya fi kuma kasa jure tiyata da magani.

Don haka idan aka rubuta cewa kansar hanta ce ta kashe wane, ba a faɗi komai da komai ba. Wanda ya yi aman jini ya rasu da ƙari mai santimita biyu, sirosis ne ya kashe shi, ƙarin yana gefe. Wanda ƙari ya toshe masa jijiyar fotal sannan ya yi aman jinin, kansar ce ta yi kisan ta hannun sirosis. Su kansu masu bincike suna shan wahalar raba waɗannan, kuma a ganina duk alƙaluman da suka raba mace-macen gida-gida da ƙarfin gwiwa, a karɓe su da taka-tsantsan.

Ma'auni uku

Likitan da ke gaban mai kansar hanta yana cikin halin gaba kura baya sayaki. Ya yanke da yawa, abin da ya rage ya kasa aiki. Ya toshe jijiyar da ke ciyar da ƙari, lafiyayyen naman da ke kewaye ya ji jiki. Ya ba da magani mai ƙarfi, hantar da za ta sarrafa shi ba ta da ƙarfi. Saboda haka ba ƙarin kaɗai ake aunawa ba. Ana duba girmansa da yawansa da ko ya shiga jijiya ko ya fita waje, ana duba ƙarfin da ya rage wa hantar, ana kuma duba ƙarfin mutumin kansa: yana zirga-zirgarsa, ko ya fi wuni a kwance?

Ma'aunin hantar da aka fi sani shi ne na Child-Pugh, wanda ya samo asali a 1964 aka gyara shi a 1973. Abu biyar yake dubawa: yawan sinadarin shawara a jini, yawan albumin, saurin daskarewar jini, ruwan ciki, da ruɗewar ƙwaƙwalwa. Daga nan a sa mutum a rukunin A, B ko C. A ɗauki mutum biyu, kowanne da ƙari ɗaya mai santimita uku. Na farko yana rukunin A, babu ruwa a cikinsa, jijiyoyinsa ba su kumbura ba. Ana iya yanke masa ƙarin ko a ƙone shi, ya tashi ya koma harkokinsa. Na biyu yana rukunin C, ga shawara ga ruwan ciki. Tiyatar da ta ceci na farko ita za ta kashe shi.

Tsarin da likitocin Basalona ta Sifaniya suka fitar a 1999, suka sabunta a 2022, shi ya haɗa ma'aunan uku wuri ɗaya, ya kasa majinyata mataki biyar. Ga masu matakin farko-farko da na farko, tsammanin rayuwa bayan magani ya haura shekara biyar. Matakin tsakiya, inda ƙari ya yi yawa amma yana cikin hanta, ya haura shekara biyu da rabi. Wanda ya shiga jijiya ko ya yaɗu, ya haura shekara biyu idan an sami magungunan zamani. Matakin ƙarshe kuwa kimanin wata uku.

Hanyoyin da ke iya warkarwa uku ne. Akwai yankewa. Lafiyayyar hanta ana iya cire mata kusan kashi 70 cikin 100 ta sake tofowa, amma mai sirosis sai an bar mata aƙalla kashi 40, wani lokaci ko hakan ba ya isa. Akwai ƙonawa, inda ake soka allura ta fata har cikin ƙarin a dafa shi da zafi, kuma ga ƙarin da bai wuce santimita biyu ba sakamakonsa ya yi kusa da na tiyata. Matsalar duka biyun ɗaya ce: cikin shekara biyar, kansar kan dawo wa har kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata. Wadda ta dawo cikin shekara biyun farko galibi ɓurɓushin tsohuwar ce da ya ɓuya. Wadda ta zo bayan haka sabuwa ce fil, domin an cire ciyawa ne an bar gonar da ta tsirar da ita.

Dashen hanta ne kaɗai ke kawar da cutar biyu a lokaci guda. A farkon lamari sakamakonsa ya yi muni, domin ana yi wa masu manyan ƙari, kansar ta dawo cikin ɗan lokaci. A 1996 Vincenzo Mazzaferro da tawagarsa a Milan ta Italiya suka wallafa sakamakon majinyata 48 da aka zaɓa bisa sharaɗi: ƙari ɗaya da bai wuce santimita biyar ba, ko kuma waɗanda ba su wuce uku ba kuma kowanne bai wuce santimita uku ba, babu shiga jijiya, babu yaɗuwa. Kashi 75 cikin 100 suna raye bayan shekara huɗu. Sharuɗɗan Milan sun zama ma'aunin duniya tun daga lokacin. Sai dai hantar dashe ba ta wadata a ko'ina, wasu ƙarinsu kan wuce sharaɗin suna cikin jira, ƙasashe da yawa kuma ba a yin aikin sam.

Ga waɗanda suka wuce nan, akwai dabarar da ta dogara da wani bambanci: lafiyayyar hanta daga jijiyar fotal take samun mafi yawan jininta, HCC kuwa daga jijiyar da ke zuwa daga zuciya take sha. Sai a zura siririn bututu har bakin reshen da ke ciyar da ƙarin, a zuba magani a toshe. Gwaje-gwaje biyu a 2002, ɗaya a Basalona ɗaya a Hong Kong, suka nuna hakan na ƙara tsawon rai. Amma idan aka maimaita shi ba bisa ƙa'ida ba, yakan ture hanta daga rukunin A zuwa B, majinyaci ya rasa damar magani na gaba.

Magungunan sha da na ƙarin ruwa sun daɗe ba su yi wani tasiri ba. Sai a 2008 aka wallafa gwajin maganin sorafenib: matsakaicin tsawon rai wata 10.7 ga masu shan sa, wata 7.9 ga waɗanda ba su sha ba. A gwajin da aka yi a Asiya, inda nau'in B ya fi yawa, wata 6.5 ne da 4.2. Ci gaban ɗan kaɗan ne, amma fiye da shekara goma babu abin da ya wuce shi. A 2020 haɗin atezolizumab da bevacizumab, wanda ke zaburar da garkuwar jiki yana kuma hana ƙari yin sababbin jijiyoyi, ya zarce shi, wata 19.2 da wata 13.4 a lissafin da aka sabunta. Haɗin durvalumab da tremelimumab kuma ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar yana raye bayan shekara biyar, inda masu sorafenib suka tsaya kusan ɗaya cikin goma. Ko a nan hantar ce ke yanke hukunci. Kusan duk waɗanda aka sa a gwaje-gwajen 'yan rukunin A ne, don haka alƙaluman ba su shafi mai shawara da ruwan ciki ba. Bevacizumab kuma yana ƙara haɗarin zubar jini, shi ya sa ake leƙa bututun abinci da na'ura, a ɗaure jijiyoyin da suka kumbura kafin a fara shi.

Akwai wani kisan da ake iya kaucewa gaba ɗaya. Mai nau'in B da aka fara yi wa maganin kansa ba tare da an danne ƙwayar cutar ba, ƙwayar kan farfaɗo ta afka wa hantar, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya a rana, suna hana wannan, suna kiyaye ƙarfin hanta, suna kuma rage dawowar kansa bayan tiyata. Nau'in C ma yanzu ana warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shi cikin makonni 8 zuwa 12. Barin barasa ɗungurum kan dawo da wasu daga rukunin B zuwa A. Cin furotin isasshe, wanda a da ake hana masu ciwon hanta bisa kuskure, yanzu shi ake umarta. Waɗannan ba su da armashin sababbin magunguna, amma a lissafin wanda ya rayu da wanda ya rasu suna da kaso babba.

Karanta alƙaluma

Idan aka ce wata 19, ba wa'adi ake yanke wa kowa ba. Ma'anarsa a lokacin da aka cika wata 19, rabin majinyatan sun rasu, rabi suna raye, cikin masu rai kuma akwai waɗanda za su yi shekaru. A Amurka, kimanin 22 cikin 100 na masu kansar hanta ke kai shekara biyar. Idan aka rarraba: kimanin 37 ga wanda ƙarinsa ke cikin hanta kaɗai, 13 ga wanda ya taɓa sassan da ke makwabtaka da hantar, 3 ga wanda ya yi nisa. Ko wannan 37 ɗin ƙasa yake sosai idan aka kwatanta da matakin farko na kansar mama ko ta hanji, kuma sirosis ne ke janyo shi ƙasa.

Bambancin ƙasa da ƙasa ya fi na magani da magani girma. Japan da Taiwan, inda ake bibiyar masu haɗari a kai a kai, suna gano yawancin majinyatansu a matakin da ake iya warkarwa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan majinyata fiye da 2,500 a Afirka ya nuna ɗaya gefen: a Masar, inda nau'in C ya fi yawa, matsakaicin shekarun majinyata 58 ne, kashi 76 cikin 100 sun sami maganin kansar, rabin majinyatan sun kai wata 10.9 a raye. A sauran ƙasashen da aka duba, matsakaicin shekaru 46, kashi 3 kacal suka sami magani, rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi ba. Masar ɗin ta ci gaba ta gwada miliyoyin mutanenta daga 2018, ta ba su magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta lambar zinare a 2023 kan hanyar kawar da nau'in C, ƙasa ta farko da ta samu.

Bibiyar da ake magana ba wani abu ba ne mai wuya: hoton sikanin ciki duk wata shida, sau da yawa tare da gwajin jini na AFP, wani furotin da kan ƙaru a jinin masu kansar hanta, ga duk mai sirosis da kuma masu nau'in B da ke cikin haɗari. Gwajin da aka yi a Shanghai kan mutum 18,816, aka wallafa a 2004, ya nuna raguwar mace-mace da kashi 37 cikin 100. An soki tsarin gwajin, kuma sukar tana da tushe. Akwai ma wani ruɗi da ke tattare da duk gano cuta da wuri: idan aka gano ta shekara ɗaya kafin lokacin da za ta bayyana, aka kuma kasa yin komai, mutum zai bayyana a lissafi kamar ya ƙara shekara ɗaya alhali ranar rasuwarsa ba ta motsa ba. Sikanin yana da amfani ne idan akwai mai ƙona ƙarin ko yanke shi a bayansa. Kuma ba a bibiyar wanda ba a san yana da cutar ba: cikin mutum miliyan 254 da ke ɗauke da nau'in B a 2022, kashi 13 cikin 100 ne kawai aka gano, kimanin kashi 3 ke shan magani. Allurar rigakafin da Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984 ta rage kansar hanta ga yara kusan da rabi cikin kimanin shekara goma, amma amfaninta ga masu tasowa ne, ba ga wanda ya riga ya kamu ba.

Waɗanda suka tsallake shekarun farko kuma, abin da ke barazana gare su yakan sauya. Mai kitsen hanta da ciwon suga, ciwon zuciya da shanyewar jiki na iya riga kansar kashe shi. Wanda aka yi wa dashe zai sha maganin danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwarsa, da abin da ke biyo bayansa na kamuwa da cututtuka, raunin ƙoda da wasu nau'o'in kansa. Wanda aka warkar wa nau'in C bayan hantarsa ta riga ta ƙeƙashe, haɗarinsa ya ragu amma bai gushe ba, sikanin duk wata shida yana nan a kansa.

A matakin ƙarshe ba a ba da maganin kansa, domin cutarwarsa ta fi amfaninsa, amma aiki bai ƙare ba. Ana zuƙe ruwan ciki don numfashi ya samu, ana ci gaba da laktulos don mutum ya san na kusa da shi, ana ba da mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, da makamantansa a ƙaramin awo ana lura, ana taƙaita farasitamol zuwa giram biyu a rana, ciwon ƙashi kuma gashi da na'ura sau ɗaya kan sauƙaƙa shi. Sai dai kafin a sa mutum a wannan matakin, dole a tambaya me ya kai shi can. Idan girman ƙarin ne da yaɗuwarsa, sauƙaƙa masa ne abin yi. Idan kuwa hantar ce ta gaza alhali ƙarin ƙarami ne, yana cikin sharuɗɗan Milan, to shi ne ma ya fi cancanta da dashe, kuma idan aka samu aka yi masa, lissafinsa kan tashi daga wata uku zuwa fiye da shekara biyar.